Fomatin sau uku, cuta na nan: yadda ake gane RAM ce ke birkita kwamfuta

Sau uku aka yi wa laftof ɗin ƙanwata fomatin a cikin wata biyu. Tana ajin ƙarshe a jami'a, tana tsakiyar rubuta furojet, kwamfutar kuma ta hannu ce, irin waɗanda ake shigowa da su daga waje. Da farko burauza ce ke rufe kanta ba gaira ba dalili. Sai Word ya fara ƙin buɗe fayil ɗin da ta adana lafiya lau daren jiya. Daga baya shuɗin allon nan na Windows ya shigo, yau sau ɗaya, gobe shiru, jibi sau huɗu kafin azahar. Duk sa'ad da ta kai wa mai gyara magana ɗaya ce: bairos ne, a yi fomatin. A karo na uku ma da ƙyar Windows ɗin ya hau, yana zuwa tsakiya sai ya tsaya, sai an sake daga farko.

"Yaya, ni dai sayar da ita zan yi, ko da faɗuwa ne," in ji ta, ranar da ta kawo min ita a cikin jakar makaranta.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne wancan tsayawar da Windows ya yi lokacin ɗora shi. Faifan ajiya an share shi tas, babu sauran wata manhaja a kai, to wane bairos ne ya rage da zai hana aiki tafiya? An bar jaki ana ta dukan taiki. Na ce mata ta bar min ita ta kwana.

Kafin a gane yadda RAM ke lalacewa, sai an san aikinta. Kwamfuta tana da wurin ajiya iri biyu. Akwai faifan ajiya, ko mai juyawa ko SSD, wanda ke riƙe kaya ko an kashe wuta. Shi kamar sito ne a bayan shago. Akwai kuma RAM, wadda take kamar teburin da tela ke shimfiɗa yadi ya yanka. Duk abin da furosesa, wato ɓangaren da ke yi wa kwamfuta lissafi, zai yi aiki a kai, sai an ɗauko shi daga sito an shimfiɗa a teburin nan: Windows kansa, burauza, wasiƙar da kake bugawa, hoton da kake kallo. In an gama a naɗe a mayar sito. To idan teburin yana da ƙusa da ta fito a wani lungu, duk yadin da ya faɗa lungun sai ya yage, kuma da yagewarsa za a mayar da shi sito.

Irin RAM ɗin da muke amfani da ita ana kiranta DRAM, wadda Robert Dennard na kamfanin IBM ya ƙirƙiro, ya sami rajistar fasaharta a 1968. Kowane ƙwayar bayani, wato bit, wanda ko dai 0 ne ko 1, yana zaune ne a cikin wani ɗan mitsitsin ɗaki mai kafasita, wato ma'ajiyar caji, da tiransista guda mai buɗewa da rufewa. In akwai caji a ciki ma'ana ɗaya, in babu wata ma'anar. Matsalar ita ce kafasitan nan yoyo suke yi kamar tulun da ya tsage. Shi ya sa dole kwamfuta ta riƙa zagayawa tana sake cika su, a DDR3 da DDR4 kowane ɗaki sau ɗaya a cikin millisakan 64, kusan sau 16 ke nan a daƙiƙa guda. In zafin katin RAM ya haura digiri 85 sai an ninka zagayen, domin zafi na ƙara yoyon. Katin RAM mai gigabait 8 yana da irin waɗannan ɗakuna sama da biliyan 68. Ɗaki ɗaya tak ya isa ya jawo duk abin da na lissafa a sama. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Ga misali. Harafin A a wurin kwamfuta lamba ce, 65, wadda ake rubutawa 01000001. Juya bit ɗaya, ta koma 01000011, ta zama 67, harafin C. In a cikin wasiƙa abin ya faru, kuskuren rubutu za ka ɗauka. In a cikin hoto ne, ɗigo ɗaya ne zai canza launi, ba wanda zai lura. Amma in bit ɗin yana cikin adireshin da Windows ya rubuta don ya tuna inda ya ajiye wani abu, sai ya je neman kaya a gidan da ba nan ba. Da ya ga abin da bai gane ba sai ya tsayar da komai don kada ɓarna ta yaɗu. Wannan tsayarwar ita ce shuɗin allo, wanda a sabon Windows 11 aka mayar da shi baƙi.

A zaɓen ƙasar Beljiyam na watan Mayun 2003, a gundumar Schaerbeek da ke Brussels, na'urar ƙidaya ta ba wata 'yar takara ƙuri'u fiye da yadda lissafi zai yarda. Da aka sake ƙirgawa sai aka tarar da ƙarin 4,096 cif. Lambar nan ita ce 2 a ninka ta da kanta sau 12, daidai darajar bit guda. Ƙwararrun da suka bincika sun fi karkata ga cewa bit ɗaya ne ya juye da kansa a ƙwaƙwalwar na'urar. Irin wannan juyewar ta lokaci guda, wadda ba ta barin tabo a jikin kati, an san da ita tun 1978, lokacin da Timothy May da Murray Woods na Intel suka gano cewa ɓurɓushin yuraniyom da toriyom da ke cikin murfin ƙwayoyin da ke jere a jikin katin RAM ne ke fitar da tururin nukiliya da ke juya bit. Tururin da ke saukowa daga sararin samaniya ma yana yi.

Sai dai wanda kwamfutarsa ke faɗuwa kullum kada ya ɗaga kai sama neman dalili. A 2009 Bianca Schroeder ta Jami'ar Toronto tare da injiniyoyi biyu na Google, Eduardo Pinheiro da Wolf-Dietrich Weber, sun fitar da sakamakon nazarin shekara biyu da rabi a kan sabobin Google, wato manyan kwamfutocinsa. Sun tarar sama da kashi 8 cikin 100 na katunan RAM suna yin kuskure aƙalla sau ɗaya a shekara, kusan ɗaya bisa uku na injinan ke nan abin ya taɓa. Abin da ya fi muhimmanci a gare mu shi ne yawancin kurakuran daga lahani ne na dindindin a jikin katin, kuma katin da ya yi kuskure sau ɗaya ya fi sauran kusa da sake yi. Wannan labari ne mai daɗi ga mai bincike, domin lahanin da ke zaune wuri ɗaya ana iya kama shi.

Babbar alamar RAM mai lahani ita ce rashin tsari. Windows ba ya ajiye manhaja a wuri ɗaya kullum. Yau Chrome ne ya faɗa kan ɗakin da ya lalace, gobe direban sauti, wato manhajar da ke haɗa Windows da na'urar sauti, jibi ba kowa a wurin sai kwamfuta ta wuni lafiya har ka ce ta warke. Don haka in ka ga saƙon da ke kan shuɗin allo yana canzawa, yau MEMORY_MANAGEMENT, gobe IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL, wata rana PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA, kuma sunan fayil ɗin da ake zargi shi ma yana canzawa, to ka fara kallon RAM. Ɓarawo ɗaya ne yake canza riga. Haka in babban fayil ɗin zip ya ƙi warwarewa yau amma ya warware gobe, ko ɗora Windows ya tsaya da lambar 0x8007025D alhali ka canza filash ka sake sauke sabon kwafi.

Akasin haka kuma yana wanke ta. Saƙo iri ɗaya da sunan fayil ɗaya kullum, musamman bayan ka haɗa sabuwar firinta ko ka sabunta wani abu, wannan aikin direba ne. Kwamfutar da ke ɗaukewa ɗif kamar an zare wuta, ba shuɗin allo ba komai, fanka na ihu gindinta ya yi zafi rau, wannan zafin furosesa ne ko matsalar caja da batir. Wadda ke jan ƙafa wajen buɗe fayil, tana daskarewa tana saki, wani lokaci da ƙara ƙyas-ƙyas daga ciki, faifan ajiya za a duba, kuma CrystalDiskInfo zai nuna lafiyarsa cikin minti guda. Akwai kuma ruɗanin da na fi ji a bakin mutane, wato haɗa ƙarancin RAM da lalacewarta. Mai gigabait 4 da ya buɗe shafuka ashirin zai sha nawa, amma nawar ke nan, fayilolinsa ba za su ɓaci ba. In ba ka tuna yadda faɗuwar ta riƙa zuwa ba, rubuta perfmon /rel a wurin bincike na Windows, zai zana maka tarihinta rana bi rana.

Kuma kada wanda abin ya ruɗa ya ji kunya. A watan Oktoban 2022 Linus Torvalds, wanda ya kafa Linux, takwaran Windows, ya sanar cewa kwamfutar da yake aiki da ita ta fara faɗuwa barkatai yana tsakiyar haɗa Linux 6.1, bayan shekara biyu da rabi tana aiki lafiya. Shi ma zarginsa na farko a kan manhaja ya faɗa, ya zaci sabon kuskure ne ya shiga aikin nasu. Sai ya koma tsohon zubi da ya san lafiyayye ne, matsala ba ta tafi ba, ya bar Memtest86+ ya kwana yana gwaji, ya tabbata katin RAM ne ya mutu. Tsarin da ya bi shi ne na kowa: cire manhaja daga zargi, sannan ka gwada ƙarfen.

Gwajin yana da matakai, kuma ba duka ƙarfinsu ɗaya ba. Mafi sauƙi yana cikin Windows tun zamanin Vista: danna maɓallin Windows da R, rubuta mdsched, yarda ta sake kunnawa. Idan allon gwajin ya fito, F1 na ba ka damar zaɓar gwaji mai zurfi maimakon na tsaka-tsaki. Sakamakon yakan leƙo ya ɓace bayan Windows ya dawo, sai an bi shi cikin Event Viewer ƙarƙashin sunan MemoryDiagnostics-Results. Laftof da yawa ma suna da nasu gwajin tun daga kamfani: a Dell ana danna F12 lokacin kunnawa a zaɓi Diagnostics, a HP kuma Esc sannan F2. In ɗayansu ya ce akwai matsala, ka yarda. In ya ce babu, ni ba na tsayawa a nan, don sau da yawa na ga kati ya tsallake wannan ya faɗi a na gaba.

Na gaban shi ne MemTest86, wanda Chris Brady ya fara a 1994, kamfanin PassMark ya karɓe shi a 2013, ko ɗan uwansa Memtest86+ da ya ɓalle daga jikinsa, wanda aka sake ginawa a 2022 don ya hau sababbin kwamfutoci. Dukansu ana samun su kyauta. Ana ɗora shi a filash a wata kwamfutar mai lafiya, a tayar da marar lafiyar daga filash ɗin. Wani lokaci sai an kashe Secure Boot, wato tsaron da ke tantance abin da kwamfuta za ta tashi da shi, kafin Memtest86+ ya tashi. Hikimar tayarwa daga filash ita ce Windows ba ya nan balle ya zauna a kan wani yanki ya hana a taɓa shi. Manhajar ƙarama ce, kusan duk teburin a buɗe yake gare ta. Sai ta riƙa rubuta tsari a kowane ɗaki ta karanta ta ga ko abin da ta ajiye ta tarar: duk sifili, duk ɗaya, a juya su, a bi daga sama zuwa ƙasa, a bi daga ƙasa zuwa sama, lambobin da ba su da tsari. Akwai gwajin da take rubutawa ta yi shiru na wasu mintuna don ta kama ɗakin da ke saurin yoyo. MemTest86 na PassMark yana da wanda yake dukan layi ɗaya sau dubbai don ya ga ko maƙwabcin layin zai juye, raunin da masu bincike na Jami'ar Carnegie Mellon da Intel suka bayyana a 2014, ake kira Rowhammer.

Na ɗora shi a laftof ɗin ƙanwata bayan sallar isha'i, na jona caja, na ɗaga bayanta da littattafai biyu don iska ta shiga. Zagaye na farko ya wuce fes, babu ko ɗaya. Da a nan na tsaya, da na ce mata RAM ɗinta lafiya lau. Da asuba na duba, an shiga zagaye na uku, ƙasan allon ya yi ja da layuka goma sha, kusan duka a adireshi ɗaya, kuma wurin da ke nuna bambanci tsakanin abin da aka rubuta da abin da aka karanta yana nuna bit ɗaya ne ke ta maimaita laifi. Sai da katin ya ɗauki zafi na sa'o'i kafin ya nuna halinsa.

Daga nan ƙa'idoji biyu ke fitowa, kuma su ne ƙashin bayan maganar. Kuskure ɗaya ya isa hujja, babu wani adadi da ake yafewa, lafiyayyar RAM sifili take bayarwa. Amma zagaye ɗaya mai tsabta ba ya wanke ta. A ba shi zagaye huɗu aƙalla, wanda shi ne abin da MemTest86 na kyauta yake yi da kansa, in da hali a bar shi ya kwana. A wurinmu wannan na nufin a tanadi wuta kafin a fara, domin gwajin da aka ɗauke wa wuta a tsakiya daga farko ake sake shi.

Jan layi kuma bai ce a jefar da kati ba tukuna. Abin da ya tabbatar kawai shi ne bayani yana ɓaci a hanyarsa tsakanin furosesa da RAM, hanyar kuwa tana da zango da yawa. Akwai katin, akwai gurbin da aka soka shi, akwai layukan da ke jikin bod, wato babban allon da komai ke haɗe a kai, akwai mai kula da RAM wanda yanzu a cikin furosesa yake, tun 2003 a wurin AMD, tun 2008 a wurin Intel. A kwamfutar tebur, fil ɗaya da ya lanƙwashe a mazaunin furosesa yana iya kashe gurbi biyu na RAM alhali katunan garau suke. Don haka sai a rarrabe. A kashe kwamfuta, a zare caja, a cire batir in mai fita ne, a taɓa wani ƙarfe don a sauke cajin jiki. Wannan ba wasa ba ne a lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe har mutum ke jin tartsatsi in ya cire riga, domin tartsatsin da bai kai ka ji shi ba ma yana iya lahanta ƙwaya. A ɗan buɗa maƙallan gefe biyu, kati zai ɗago da kansa, a riƙe shi ta gefe. A bar kati ɗaya a gurbi na farko a gwada, a musanya da ɗaya katin a gurbin nan dai a sake gwadawa. In laifi ya bi kati duk inda ya je, katin ne. In ya tsaya a gurbi ko wane kati aka sa, bod ne ko furosesa.

Kafin a yanke hukunci a duba haƙoran zinaren da ke gindin katin. Ƙurarmu ba ta barin komai, kuma danshin damina kan bi bayanta ya bar dauɗa a kai. Masu gyara da yawa suna goge su da kilinan fensir, yana kuma aiki, amma a hankali, a kakkaɓe ɓurɓushin tas, sifirit na goge na'ura da ƙyalle mai laushi ya fi aminci. A busa gurbin, a mayar da katin har a ji ƙas. Kwamfutoci da yawa da suka ƙi nuna komai a allo, Caps Lock na ƙyafta ido sau uku a tsofaffin HP, ko fitilar Dell ta yi ruwan lemo biyu fari uku, iyakar maganinsu ke nan.

Sai batun katin da lafiyarsa ƙalau amma ba gidansa ba ne. Wannan ya yi yawa a kasuwar kayan hannu, inda ake ƙara RAM don a ɗaga farashi. Karanta takardar da ke manne a jikinsa. PC3 na nufin DDR3 mai cin wuta bolt 1.5, PC3L kuma bolt 1.35, ga shi bakinsu ɗaya, fil 204, kowanne zai shiga gurbin ɗan uwansa. Laftof masu furosesan Intel na zubi na huɗu PC3L suke so, in aka sa musu PC3 ko su ƙi tashi ko su riƙa birkicewa. DDR4, mai alamar PC4, bolt 1.2 ce da fil 260, tsagarta daban ce, ba za ta ma shiga ba. Masu haɗa kwamfutar tebur don wasanni ko tace bidiyo kuma nasu tarkon shi ne XMP, ko EXPO a ɓangaren AMD, wanda ke tura RAM gudu fiye da ma'aunin da JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin RAM, ta tsayar. In kurakurai suka fito, a shiga BIOS, wato allon saitin da ake shiga lokacin kunnawa, a kashe shi, a mayar da komai yadda kamfani ya bari, a sake gwaji. In sun ɓace, gudun ne ya yi yawa.

Inda abin ke da ciwo shi ne laftof siraran nan da aka manne RAM ɗinsu a jikin bod. Babu abin cirewa balle musanyawa. Ko a sami ƙwararre mai injin ɗaga ƙwaya, ko a canza bod. Windows da Linux duka suna da hanyar da ake ce musu su guji adireshin da ya lalace, kuma in lahanin ɗan ƙarami ne a wuri ɗaya tana iya jan kwana, amma ba zan ɗora aikin da nake ji da shi a kan irin wannan ba.

Abin takaici shi ne maganin wannan ɓarnar da ke faruwa shiru ya daɗe da samuwa. RAM mai suna ECC tana ƙara bit 8 a kan kowane 64, shi ya sa za ka ga ƙwayoyi tara a jikin katinta maimakon takwas. Da su take gyara kuskuren bit ɗaya nan take, ta kuma kai rahoto. Da ita Google ya iya ƙirga kurakuransa. An daɗe ana keɓe ta ga sabobi da manyan injinan aiki, abin da Torvalds ya soki Intel a kai a fili a farkon 2021, kuma ina ganin yana da gaskiya. DDR5 ta zo da wani gyara na cikin ƙwaya, amma bai kai cikakken ECC ba, ba ya kare bayani a kan hanya kuma ba ya gaya maka ya yi gyara. Mai laftof na yau da kullum dai shi ne mai gadin kansa, don haka wanda zai sayi ta hannu ya tafi da filash ɗinsa, ya roƙi mai shago ko zagaye ɗaya ne kafin kuɗi su fita, ya kuma nemi sharaɗin dawowa cikin 'yan kwanaki don ya kwana yana gwaji a gida.

A laftof ɗin ƙanwata kati biyu na tarar, masu gigabait 4 kowanne, kamfani daban-daban. Ɗaya ya yi zagaye huɗu a kowane gurbi ba tabo. Ɗayan kuwa duk gurbin da na sa shi sai ja ya fito. Na cire shi, ta ci gaba da aiki da guda ɗaya har muka sami wani PC3L ɗin, shi ma sai da ya kwana a gwaji kafin na rufe murfi.

A nan ne fomatin ya sami gurbinsa, na huɗu, domin Windows ɗin da ke kai ta cikin katin nan mai lahani ya bi ya shiga faifai, ba a san me ya ɓaci a hanya ba. Haka fayilolinta. Duk abin da aka adana ko aka kwafa a cikin watannin nan abin tuhuma ne, har da kwafin da ta riƙa turawa filash don tsaro. Muka zauna muka buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Babi na ɗaya zuwa na uku sun buɗe lafiya. Na huɗu ya ƙi ta kowace hanya, sai a imel ɗin da ta taɓa tura wa malaminta muka samo tsohon kwafi, wanda ya gaza da shafi bakwai.

"Yaya, waɗannan zan iya sake rubutawa, jadawalin yana cikin littafina," ta ce, ta jawo kujera ta fara bugawa.